Yadda na yi binciken kankare mai zare, daga takardar ƙuduri zuwa ranar karewa

Na rubuta wannan ne don ɗaliban da ke shirin yin bincike a kan kankare mai zare, wato kankaren da ake watsa wa gajerun zaruruwa na ƙarfe, ko roba, ko gilashi, ko na tsiro a lokacin kwaɓi. Nawa binciken na digiri na biyu ne a fannin injiniyan gine-gine, kuma kusan duk wahalar da na sha ta samo asali ne daga abu ɗaya da ba a cika faɗa wa ɗalibi da wuri ba: amfanin zare yana bayyana ne bayan kankare ya tsage. Wanda ya san wannan tun farko zai san gwajin da zai zaɓa, da injin da zai nema, da tambayar da zai yi kafin ya sa hannu a kowace takarda.

Da karatu na fara. Na shiga ɗakin karatu na sashenmu na ɗebo kundayen waɗanda suka riga mu, na tarar yawancinsu hanya ɗaya suka bi: a kwaɓa kankare, a zuba zare kashi kaza, a cika ƙananan mazubai masu milimita 150 ta kowane gefe waɗanda muke kira kiyub, a jira su yi ƙwari, a kai wa injin dannewa ya murƙushe su. Sakamakon kuwa ya saɓa wa juna. Wannan ya ce ƙarfi ya ƙaru kaɗan, wancan ya ce ya ragu, wani ya ce babu bambanci. Na daɗe ina jujjuya su, kaina ya ɗaure, har na fara tunanin ko zaren ba shi da wani tasiri. Sai da na koma ga manyan littattafan fannin na gane inda matsalar take. Kankare yana da juriya sosai idan an danne shi, amma idan aka ja shi, ƙarfinsa bai wuce kusan kashi ɗaya bisa goma na wancan ba, kuma in ya tashi karyewa lokaci ɗaya yake yi, babu gargaɗi. Shi ya sa ake sa rodi. Aikin zare kuwa shi ne ya riƙe gefe biyu na tsaga, ya ci gaba da ɗaukar nauyi bayan simintin ya saki. Gwajin dannewa ba ya auna wannan, don haka amsarsa take fitowa a birkice.

A nan ne kuma na san tarihin abin, wanda daga baya ya zama babi na biyu na kundina. Tun a zamanin da, magina suna cuɗa laka da ciyawa kafin su yi bulo. A 1900 wani ɗan Ostiriya mai suna Ludwig Hatschek ya yi rajistar hanyar haɗa siminti da zaren asbestos, aka yi shekaru ana rufin gidaje da shi kafin a tabbatar ƙurarsa na jawo cutar huhu da sankara, ƙasashe da dama suka haramta shi. Binciken zamani a kan zaren ƙarfe ana danganta shi da aikin Romualdi da Batson a Amurka a 1963. Zaren gilashi kuwa da farko ruwan siminti ne ya riƙa cinye shi, sai da masu bincike a Ingila suka fito da gilashi mai sinadarin zirkoniya wanda ke jure kaifin siminti. Cibiyar kankare ta Amurka, ACI, tana da kwamiti na musamman mai lamba 544 a kan wannan fanni, kuma rahotanninsa su ne suka fi ba ni haske a farkon tafiya.

Da na kai wa malamin da ke duba aikina daftarin farko, bai buɗe shi ba tukuna. Ya ce, "Kafin na karanta, faɗa mini, me kake so zaren ya yi a cikin gini?" Na ce, "Ranka ya daɗe, so nake ya hana kankare rabuwa bayan ya tsage." Ya ce to madalla, ai ka ga ka riga ka zaɓi gwajinka da bakinka. Ya jawo takarda ya zana layi biyu masu nuna nauyin da kankare ke ɗauka yayin da ake lanƙwasa shi. Na farko ya hau sama ya faɗo ƙasa tsaye, wannan kankare ne zalla. Na biyu ya hau kusan daidai da na farko, ya ɗan sauko, sannan ya miƙe zuwa dama da dogon wutsiya. Ya ɗora biro a kan wutsiyar ya ce bincikenka duka a nan yake, in ba ka samu injin da zai zana maka wannan ba, to ba ka yi komai ba. Ya kuma ce in zaɓi nau'in zare ɗaya in tsaya a kansa, domin ɗalibai da yawa suna ɗauko uku ko huɗu, su ƙare babu wanda suka gwada da kyau.

Zaɓin nau'in ya ɗauke ni lokaci, domin kowanne da aikinsa. Ƙa'idar Amurka mai lamba ASTM C1116 ta kasa su gida huɗu: ƙarfe, gilashi, roba, da na tsiro. Siririn zaren roba na folifurofilin, wanda aka saba zuba kusan kilo 0.9 a kowace mita kubik, aikinsa rage tsatstsagewar da ke fitowa a sa'o'in farko lokacin da kankare ke ɗanye yana bushewa. Bayan ya yi ƙwari ba ya ɗaukar wani nauyin kirki. Akwai zaren roba mai kauri da aka yi don ɗaukar nauyi, shi daban ne, kuma masu sayarwa ba koyaushe suke bambanta maka su ba sai ka tambaya. Na tsiro irin su sisal da jut da gashin kwakwa sun ja hankalina ƙwarai saboda sauƙin samu, amma suna shan ruwa, kuma ruwan siminti yana sa su bushe su yi gautsi a hankali, don haka binciken gaskiya a kansu yana buƙatar gwajin tsufa na watanni, wanda lokacina bai kai ba. Na tsaya a kan zaren ƙarfe mai lanƙwasassun baki, irin wanda tsawonsa ya kai kamar milimita 50, kaurinsa kuma bai wuce milimita ɗaya ba. Wani abu da ya ruɗa ni a takardun bincike shi ne yadda wasu ke faɗin yawan zare da kashi cikin ɗari na cika, wasu kuma da kilo. Lissafin mai sauƙi ne: mita kubik ɗaya ta ƙarfe tana da nauyin kilo 7850, saboda haka kashi 1 cikin ɗari daidai yake da kilo 78.5 a mita kubik. Roba ba ta kai ruwa nauyi ba, kashi 1 nata kusan kilo 9 ne. Wanda bai kula da wannan ba zai kwatanta abubuwan da ba su da alaƙa.

Daga nan sai kare ƙuduri a gaban malaman sashe, da takardun da ke biyo baya. An nemi takardar ƙudurin da mai duba aiki ya sa wa hannu, da fom na neman izinin amfani da ɗakin gwaje-gwaje, da jerin kayan da zan shigo da su, da takardar yarda da dokokin kariya. A fom ɗin akwai gurbin rubuta ƙa'idar gwajin da za a bi, kuma a nan ne ya zama dole in yanke shawara tsakanin biyu. Ta Amurka, ASTM C1609, ana ɗora bim, wato dogon guntun kankare mai kusurwa huɗu, a kan matokarai biyu a danne shi a wurare biyu, a auna yadda yake lotsawa. Ta Turai, EN 14651, ana yi wa bim yanka mai zurfin milimita 25 a tsakiyar ƙasansa don a tilasta wa tsaga ta fito a wurin, a danne shi a tsakiya, a auna yadda bakin tsagar ke buɗewa. Lambobin da suke bayarwa ba a musanya su kai tsaye. Na ɗauki ta Turai saboda lissafin zanen gini da nake son amfani da shi a kanta aka gina shi. Takardun ƙa'idojin nan sayar da su ake yi, kuma abin da ke yawo a intanet sau da yawa tsohon bugu ne ko guntu. Ta hannun ma'aikacin ɗakin karatu na samu cikakke, bayan ɗan jira.

Matakin da ya fi tayar mini da hankali shi ne na inji. Na kai fom ɗina wurin dattijon da ke kula da ɗakin gwajinmu, mutum mai haƙuri wanda ya daɗe yana wannan aiki. Ya karanta, ya girgiza kai, ya ce, "Ɗana, injinmu ba zai yi maka wannan ba." Na ce, "Baba, ai na ga ana karya bim da shi." Ya ce ana karyawa, amma zo ka gani. Ya nuna mini yadda injin yake: nauyi yake ƙarawa ba tsayawa, da zarar kankare ya tsage sai ya afka masa gaba ɗaya, allura ta tsaya a lamba ɗaya, shi ke nan. Abin da nake buƙata inji ne mai bin motsi, wanda ke sauraron 'yar na'urar da aka maƙala a bakin tsaga, yana turawa a hankali gwargwadon buɗewarta, in nauyi ya sauka shi ma ya sassauta. Irin wannan inji ba kowane ɗakin gwaji ke da shi ba. Aka rubuta mini wasiƙa daga shugaban sashe zuwa wata cibiya da ke da shi. Wasiƙar ta daɗe a kan tebur kafin a amsa, da aka amsa kuma aka ce akwai layi, sannan akwai kuɗin gwaji da ake biya a kan kowane bim. A wannan jiran ne na fi jin karaya, domin abokan karatuna sun riga sun fara zuba nasu kankaren, ni ko buhun siminti ban buɗe ba. Amma Baba ya hana ni kwaɓi. Ya ce kankare daga ranar da ka zuba masa ruwa agogonsa ya fara tafiya, kwana 28 ɗin da ake ƙirgawa kafin gwaji ba ya jiran wasiƙa. Ka samu ranar gwaji a rubuce, ka ƙirga baya, sannan ka kwaɓa. Tun ran gini tun ran zane. Da aka ba ni rana, na kuma nemi kwafin takardar da ke nuna an daidaita ma'aunin injin, kuma daga baya ta yi mini rana.

Kafin ranar kwaɓi na yi gwaje-gwajen kayan haɗi: tankaɗe yashi da tsakuwa don sanin girmansu, auna damshin yashi, da lissafin haɗin. Abin lura a nan shi ne dangantakar tsakuwa da zare. Idan tsakuwa ta yi girma, zaren ba ya samun wurin bazuwa, sai ya taru tsakanin duwatsu, shi ya sa ake son tsawon zare ya ninka girman tsakuwa mafi girma sau biyu ko fiye, a kuma ɗan ƙara yashi a haɗin. Ita kanta ƙa'idar EN 14651 an yi ta ne don zaren da bai wuce milimita 60 ba, da tsakuwar da ba ta wuce 32 ba. Wajen sayen zare na ci karo da cewa dillalai da yawa ba sa sayar da ɗan kaɗan, manyan 'yan kwangila suka saba da su. Wasiƙar makaranta ta taimaka, kuma na nace sai an haɗo mini da takardar bayanin kaya mai nuna tsawo da kauri da ƙarfin ƙarfen. A kasafina, zaren kansa bai kai kuɗin gwaji da na ɗaukar kaya ba. Bim ɗaya mai milimita 150 faɗi, 150 kauri, 550 tsawo yana da nauyin kusan kilo 30, kuma ba guda ɗaya za ka ɗauka ba. Mazuban ƙarfe na wannan girma ma sai da aka ƙera mini, domin waɗanda ke ɗakin gwajinmu ƙanana ne.

Na yi kwaɓin gwaji kafin na ainihi, kuma ina roƙon kowa ya yi. A nan ne hannu ke koyon abin da littafi ya faɗa. Da muka juye zare da yawa lokaci ɗaya a cikin injin kwaɓi, sai ya sarƙe ya dunƙule, muka ciro shi kamar bushiya, cikinsa a bushe babu ko ɗigon siminti. Irin wannan dunƙulen idan ya shiga gini rami ne. Maganinsa a fara kwaɓa kankaren ya haɗu, sannan a riƙa yayyafa zaren kaɗan-kaɗan injin yana juyawa. Wasu kamfanoni suna manne zaruruwan jere da gam mai narkewa a ruwa saboda wannan matsalar. Na biyu, da muka yi gwajin sulalewa, wanda ke auna laushin kwaɓi, da mazurari mai tsawon milimita 300, muka ɗaga shi, kankaren ya tsaya ƙiƙam kamar bai ji ruwa ba, alhali haɗi ɗaya ne da wanda ya sulale da kyau kafin a sa zare. Yaron da ke taimaka mana ya ɗauko bokiti zai ƙara ruwa, Baba ya riƙe hannunsa. Zaren ne ke riƙe kwaɓin, da an ɗora shi a tebur mai girgiza sai ya kwanta. Ƙarin ruwa zai rage ƙarfin kankaren, ya kuma lalata kwatancen duka, domin ba za ka ƙara sanin ko zare ne ya kawo bambanci ko ruwa ba. Sinadarin sakin kwaɓi muka yi amfani da shi, muka rubuta adadinsa a kowane haɗi. A sa safar hannu mai kauri, domin zaren ƙarfe yana huda fata.

Ranar zubi na ainihi na yi haɗi huɗu: ɗaya babu zare, sauran da kilo 20, 30 da 40 a mita kubik, wanda shi ne kewayen da aka saba amfani da shi a daɓen masana'antu. Cika mazubin bim yana da tsari. Ana fara zuba kaso mafi yawa a tsakiya, sannan gefe biyu, don kada mahaɗar zubi ta faɗo daidai inda tsaga za ta bi. Ba a soka sanda a ciki kamar yadda aka saba da kankare zalla, domin sandar tana ture zaruruwan ta bar gurbi. A tebur ake girgiza shi, kuma ba a daɗewa, in an daɗe ƙarfen yana nutsewa ƙasa. Na rubuta lamba da kwanan wata a kan kowanne, na kuma yi alama a fuskar da ta kalli sama lokacin zubi, saboda a ranar yanka ana kwantar da bim ne a gefensa. Washegari muka kwance mazuban, muka jera komai a tankin ruwa. Ƙa'ida tana son ruwan ya zauna a digiri 20, da sassaucin digiri 2 sama ko ƙasa. Inda ba a iya riƙe hakan, a riƙa aunawa ana rubutawa, a kuma faɗi gaskiyar abin da aka samu a cikin kundi.

Kiyub na kwana 7 da na kwana 28 a ɗakin gwajinmu muka murƙushe su. Lambobin suka fito kusa da juna, mai zare da marar zare, kamar dai yadda kundayen baya suka nuna. Ko da yake na san haka za ta faru, sai da gabana ya faɗi, domin kuɗi da lokaci sun riga sun tafi. Abin da ya kwantar mini da hankali shi ne yadda suka mutu. Kiyub marar zare gefunansa suka zube a kan farantin inji, aka share su da tsintsiya. Mai zare ya tsatstsage ya kumbura, amma na ɗauke shi da hannu biyu a dunƙule, ɓaraguzan suna rataye. Na ɗauki hoton kowanne. Malamina ya ce in rubuta wannan sakamakon yadda yake, kada in matsa wa lambobi su faɗi abin da ba su faɗa ba.

'Yan kwanaki kafin babban gwaji muka yi wa bim ɗin yanka da zarto mai ruwa, muka mayar da su tanki. Ranar tafiya muka naɗe su da jiƙaƙƙun buhuna, muka shimfiɗa yashi a ƙarƙashinsu don kada girgizar mota ta fara tsaga su. A cibiyar aka karɓi rasiɗin biya da wasiƙa, aka ba ni fom na rubuta ma'aunin kowane bim, domin sai an auna faɗinsa da kaurin da ya rage a saman yankan, da su ake lissafi. Ma'aikaciyar da ke sarrafa injin ta maƙala 'yar na'urar a bakin yankan, ta saita gudu: milimita 0.05 a minti ɗaya da farko, bayan buɗewar ta kai 0.1 a ƙara zuwa 0.2 a minti. Da marar zare muka fara. Layin ya hau a fuskar kwamfuta, ya kai ƙololuwa, ya gangaro da sauri, nan da nan bim ɗin ya zama ba ya riƙe komai. Sai aka ɗora mai kilo 40. Layin ya hau zuwa kusan wuri ɗaya, siririyar tsaga ta fito daga kan yankan, nauyi ya ɗan sauka, sannan ya tsaya. Na durƙusa kusa da injin. Tsagar tana buɗewa a hankali har na fara hango zaruruwan a miƙe tsakanin gefe biyu, ina jin ƙas, ƙas, kowane lokaci da lanƙwasar bakin wani zare ta miƙe ya zame daga cikin siminti. Buɗewar ta wuce milimita 3 bim ɗin yana ɗauke da nauyi. Gani ya kori ji. Wutsiyar da malamina ya zana mini da biro ce take fitowa a fuskar kwamfuta. Ƙa'idar tana son a karanta ƙarfin da ya rage a buɗewa huɗu: milimita 0.5, 1.5, 2.5 da 3.5. Kafin na bar wurin na karɓi ɗanyen bayanan injin gaba ɗaya a na'urar ajiya, ban tsaya ga takardar taƙaitawa ba.

Da na zauna lissafi sai wani ruɗanin ya taso. Bim biyu daga kwaɓi ɗaya, zubi ɗaya, tanki ɗaya, amma ƙarfin da ya rage musu ya bambanta sosai. Na ɗauka injin ne ko lissafina. Malamina ya ce in koma ga karyayyun, in raba kowanne biyu, in ƙirga zaruruwan da suka ratsa fuskar karayar. Na yi haka da alli a hannu, ina yi wa kowane zare ɗigo. Wanda ya fi ƙarfi shi ya fi yawan zare a wurin, musamman a ɓangaren da ke kusa da yankan. Fuskar karayar ƙarama ce, zaruruwan kuma a warwatse suke faɗawa, don haka bambancin ɗabi'ar kayan ce, kuma sananne ne a wannan gwaji. Abin da ya biyo baya shi ne bim uku a kowane haɗi, yadda aka saba da kiyub, sun yi kaɗan. Ƙa'idar Turai ta tantance tasirin zare tana neman bim 12. Ɗalibi ba lalle ya iya biyan haka a kowane haɗi ba, amma gara ya rage yawan haɗe-haɗen ya ƙara yawan bim a kowanne. Don auna ko sakamakona ya kai na gini, na yi amfani da sharuɗɗan kundin zanen gini na 2010 na ƙungiyar kankare ta duniya, fib: kafin zare ya maye gurbin wani ɓangare na rodi, ƙarfin da ya rage a milimita 0.5 sai ya wuce kashi 40 cikin ɗari na ƙarfin lokacin tsagewa, na milimita 2.5 kuma ya wuce rabin na 0.5. Kuma ba da matsakaicin sakamako ake wannan hukunci ba, da ƙimar da aka rage saboda bambancin ne.

Babin amfani a gini shi ne wanda na rubuta da taka-tsantsan fiye da kowanne. Inda kankare mai zare ya kafu sosai shi ne daɓen ɗakunan ajiya da masana'antu da ke kwance a kan ƙasa, da kankaren feshi da ake lulluɓe bangon ramuka da mahaƙar ma'adinai da shi, da gutsattsarin bangon ramin jirgin ƙasa da ake zubawa a masana'anta. Abin da ya haɗa su shi ne idan wuri ɗaya ya tsage, nauyi yana da inda zai koma. Siririn zaren roba kuma ya samu wani aiki na daban. Gobarar 1996 a ramin da ya haɗa Ingila da Faransa ta ƙarƙashin teku ta nuna yadda kankare mai ƙarfi ke ɓantalewa idan tururin cikinsa ya rasa hanyar fita. Folifurofilin yana narkewa a wajen digiri 160, ya bar wa tururi ƙananan hanyoyi, shi ya sa ake sa shi a bangon ramuka. Zaren gilashi ana yin siraran allunan fuskar gini da shi. A can gaba kuma akwai kankaren da Victor Li ya ɓullo da shi a Jami'ar Mishigan, mai zare kusan kashi 2 cikin ɗari, wanda ke lanƙwasa yana yin ƙananan tsagogi masu yawa maimakon babba ɗaya, da gadar masu tafiya a ƙasa ta Sherbrooke a Kanada da aka gina a 1997 da kankare mai matuƙar ƙarfi mai zaren ƙarfe. Amma a bim na gida da dakin, wato rufin kankare, rodi yana nan daram. Ko da ƙa'idar ACI 318 ta 2008 ta amince da zaren ƙarfe, a madadin mafi ƙarancin zoben rodi ne kawai a wasu bim, da sharaɗin aƙalla kilo 60 a mita kubik da kuma cin gwajin lanƙwasa. Na damu ƙwarai kada wani ya karanta kundin ɗalibi ya je ya rage rodi a ginin da mutane za su kwana a ƙarƙashinsa, saboda haka na rubuta iyakar sakamakona ɓaro-ɓaro.

A ranar karewa, mai jarrabawa na waje wannan ya fara tambaya. Ya ce idan magini ya karanta aikinka, zai iya cire rodi daga dakin? Na ce a'a, ranka ya daɗe, na kuma buɗe masa shafin da na faɗi dalili. Ya tambayi yadda na tabbatar da ingancin injin, na nuna takardar daidaita ma'auni. Ya tambayi dalilin bambancin sakamako, na nuna hotunan fuskokin karaya da ƙirgen zaruruwa. Gyaran da ya ba ni shi ne in sa zanen layin kowane bim a rataye, ba matsakaici kaɗai ba, in kuma bayyana cewa ban gwada tsatsa ko daɗewa ba.

Ga wanda zai bi wannan hanya, ka nemi injin kafin ka rubuta take. Ka je da ƙafarka ka gan shi, ka tambayi mai sarrafa shi ko yana bin motsi, ko akwai na'urar auna buɗewar tsaga, ko tana aiki. In babu irinsa inda za ka iya kaiwa, ka sauya tambayar bincikenka zuwa abin da kayan wurinku za su iya amsawa da gaskiya, misali tsatstsagewar ɗanyen kankare da siririn zaren roba, wadda ke da nata gwajin a ASTM C1579 kuma ba ta buƙatar wancan inji. Ka riƙe mai kula da ɗakin gwaji da girmamawa, ka nuna masa tsarinka tun yana kan takarda. Kada kuma ka yarda a zubar da karyayyun bim ɗinka da wuri. Ɗakin gwaji zai matsa maka ka kwashe su kafin a sa maka hannu a takardar sallama, amma ka nemi kusurwa ka jera su da lambobinsu har sai mai jarrabawa ya amince da gyaran ƙarshe, domin ana iya ce maka ka sake ƙirga zaruruwan.